Daga Washinton zuwa Boston: yadda addinai da yawa ke zama a jami'a guda

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Washinton ba ya shiga unguwar Georgetown. Mai zuwa Jami'ar Georgetown yakan sauka a tashar Rosslyn ya jira motar jami'a, ko ya taka da ƙafa ya haye kogin Potomac ta gadar Key. Na zaɓi takawa, ranar wata Alhamis a ƙarshen Oktoba, kuma tun daga tsakiyar gadar ake hango hasumiyar Healy, babban ginin jami'ar, a kan tudu. Abin da ya kawo ni shi ne in ga aikin da Turawa ke kira caflin, wato malamin addini da aka ajiye domin kula da ibada da halin zuciyar ɗalibai, musamman a inda limami da fada da malamin Yahudawa ke aiki ƙarƙashin ofis ɗaya. An sha rubutu a kan tarukansu da jawabansu. Ni kuwa famfo da makulli da kalanda nake son gani, domin a nan ake gane ko zaman na gaske ne.

Georgetown jami'ar Katolika ce ta 'yan Jesuwit, wata ƙungiyar limaman Katolika, John Carroll ya kafa ta a 1789, mutum-mutuminsa na zaune a gaban ginin Healy. Bayan ginin akwai ƙaramar majami'ar Dahlgren ta 1893. Amma a cikin Healy ɗin, a hawa na farko, ofisoshin malaman addinai daban-daban suke maƙwabtaka da juna. Tarihin yadda suka taru a nan a rubuce yake: a 1968 jami'ar ta ɗauki malamin Yahudawa Rabbi Harold White, shekara 3 bayan Fadar Paparoma ta fitar da sanarwar 1965 da ta sake fasalin dangantakar Katolika da sauran addinai. A 1999 ta ɗauki Imam Yahya Hendi, ta zama jami'ar Amurka ta farko mai limamin Musulmi na cikakken lokaci. A 2016 aka ƙaro malamin Hindu. Wannan jerin ofisoshi ba ado ba ne. Idan aka ware wa limami ɗaki a can ƙarƙashin wani gini, ɗalibin da ya zo da matsala zai gane matsayinsa tun kafin a yi masa bayani, kuma malaman ba za su riƙa haɗuwa ba sai ranar rikici.

Masallacin jami'ar an fara amfani da shi a 2019, aka ƙaddamar da shi a hukumance a 2023 da sunan Yarrow Mamout. Mai jin Fulatanci zai ji Yero Mahmudu a cikin sunan. Bafulatani ne mai karatun Larabci da aka sauke a tashar Annapolis a matsayin bawa a 1752, ya yi shekara 44 a bauta, ya samu 'yanci a 1796, ya mallaki gida a titin Dent Place na wannan unguwa, ya rasu a 1823. Jami'ar da 'yan Jesuwit suka sayar da bayi 272 a 1838 domin biyan bashinta ita ce yau take da masallaci da sunan tsohon bawa. Na daɗe a tsaye ina kallon sunan.

Daga nan na wuce wurin alwala, kuma a nan zan ɗan tsaya, don shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Inda babu wurin alwala, ɗalibai kan ɗaga ƙafa su sa a kwanon wanke hannu na banɗaki. Kwanon ba a kafa shi don ɗaukar nauyin mutum ba, sai ya fara rabuwa da bango. Ruwa ya malale a tayil, wani ya zame, masu shara su yi ƙorafi, sauran ɗalibai su fara ƙyama. Abin da ya faro daga rashin famfo sai ya koma maganar addini. A 2007 reshen Jami'ar Michigan da ke Dearborn ya ware dala 25,000 domin kafa wuraren wanke ƙafa biyu saboda irin wannan matsala, kuma sai da aka yi ta muhawara a jaridu kan ko kuɗin jami'ar gwamnati ya halatta a kashe a kai. Wurin alwala mai kyau ba ya buƙatar wata fasaha. Mazauni mai tsawon kamar santimita 40 zuwa 45, famfo a gabansa daidai inda hannu zai kai ba tare da sunkuyawa sosai ba, kwatami mai zurfi a ƙasa domin ruwa kada ya fantsamo wa tufafi, tazarar kamar santimita 80 tsakanin mutum da mutum, daɓe mai kaushi da aka karkatar zuwa magudana. A ƙasar sanyi dole ruwan ya zama mai ɗumi, in ba haka ba a watan Janairu kowa zai koma banɗakin da ke da ruwan zafi. Famfon da ke buɗe kansa idan ya ga hannu bai dace ba, yana yankewa a tsakiyar wanke ƙafa. Sannan hanya daga wurin alwala zuwa kafet ta zama busasshiya, ba mai ratsa inda ake tafiya da takalmi ba. Na mata kuma ya zama da ƙofarsa, domin mace za ta cire mayafi ta naɗe hannun riga. Sau da yawa mai zanen gini yakan yi na maza da kyau, na mata kuwa sai a tuna da shi bayan an gama aiki.

Wani tsari na Georgetown da ya burge ni shi ne malaman addini da ke zaune a cikin gidajen kwanan ɗalibai, kowane da ɗakinsa. Sukan buɗe ƙofa wani dare a mako, ɗalibai su shigo a yi hira. Dalilin a fili yake: damuwar ɗalibi ba ta bin lokacin ofis. Wanda aka bugo wa waya ƙarfe 1 na dare cewa mahaifinsa ya rasu ba zai jira safiya ba, kuma wanda zai samu a kusa ba lallai ya zama ɗan addininsa ba. Ƙa'idar aikin ita ce fada ya zauna da ɗalibin Musulmi, ya saurare shi, ya ba shi ruwa, ya taimaka masa neman tikitin jirgi, sannan ya kira limami. Ba zai yi masa wa'azi ba, ba kuma zai kwaikwayi addu'ar da ba tasa ba. Haka limami zai yi wa ɗalibar Kirista.

Washegari Juma'a na yi salla a Cibiyar Musulunci da ke titin Massachusetts, wadda aka buɗe a 1957 Shugaban Amurka Eisenhower na wurin. Ba jami'a ba ce, amma duk mai shirya ɗakin salla a Amurka ya kamata ya zo ya ga yadda ɗakin sallarta ya karkace daga layin titi. Mai kallon taswirar bango zai ɗauka Makka na kudu maso gabas da Washinton. Amma duniya ƙwallo ce, kuma gajeriyar hanya zuwa Ka'aba daga nan tana fuskantar arewa maso gabas, kimanin digiri 56 daga arewa ta gaskiya. A Boston kimanin digiri 60 ne. Akwai tarko na biyu: allurar kamfas ba arewa ta gaskiya take nunawa ba, a Washinton ta kauce yamma da kamar digiri 11, don haka wanda ya auna 56 a kan allura ya yi kuskure, 67 ya kamata ya nema. Tarko na uku shi ne ƙarafan da ke cikin bango da wayoyin lantarki, masu rikita kamfas ɗin waya. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoton ginin daga tauraron ɗan'adam, a zana layin alƙibla a kai, a auna kusurwarsa da bangon waje, sannan a shigo da wannan kusurwa cikin ɗaki da igiya da tef. A yi haka kafin a sayi kafet mai layin sahu, domin idan aka manna shi a karkace sai dai a ɓamɓare.

Lissafin girman ɗaki ma mai sauƙi ne. Mutum ɗaya na buƙatar faɗin santimita 60 da tsawon 120. Ɗaki mai mita 10 da mita 8, idan alƙibla ta yi daidai da bango, zai ɗauki mutum 16 a sahu, sahu 6, a cire ɗaya na liman, saura mutum 80. Idan alƙibla ta faɗa kusurwa, sahun gaba da na baya sukan gajarce, a yi asarar wuri mai yawa. Kuma kada a auna bukata da sallar azahar ta ranar Talata. Juma'a da tarawihi su ne ma'auni, shi ya sa jami'o'i da yawa ke da ƙaramin ɗaki na kullum, su kuma kama babban zaure kowace Juma'a tun farkon zango.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na Amtrak daga tashar Union zuwa New Haven, tafiyar awa 4 da ɗoriya, daga can na canja zuwa Hartford. A daren ne aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi kowace Lahadi ta farko a Nuwamba, a kuma tura shi gaba Lahadi ta biyu a Maris. Wannan awa ɗaya tana wargaza jadawalin masallacin jami'a. Azahar da ke shiga wajen ƙarfe 1 saura a Oktoba sai ta dawo 12 saura. A Boston a watan Disamba la'asar na shiga wajen ƙarfe 2, rana ta faɗi 4 da kwata, wato salloli uku cikin ƙasa da awa 5, daidai lokacin da darussa da ɗakunan gwaji suka fi cika. Masallacin da ke yin Juma'a sau biyu saboda cunkoso, idan ya sa ta biyu ƙarfe 2 da kwata, a hunturu za ta faɗa lokacin la'asar. Ga kuma saɓanin lissafi: wasu na ƙirga alfijir da digiri 15 ƙarƙashin sararin gabas, wasu 18, Hanafawa kuma na jinkirta la'asar har inuwa ta ninka biyu. Aikin limamin jami'a ne ya zaɓi hanya ɗaya ta jam'i, ya rubuta ta a ƙasan jadawali, ya bar kowa da mazhabarsa a sallar kansa. Huɗuba kuwa minti 15 zuwa 20 ta isa, domin rabin masu sauraro suna da darasi bayan salla, kuma idan aka saba tsawaitawa za su fara fita kafin a tayar da iƙama, daga baya su daina zuwa.

A Hartford makarantar da na nufa fari ne ginin nata tas, zanen Richard Meier, a titin Sherman. A da sunanta Hartford Seminary, a 2021 ta koma Hartford International University for Religion and Peace. Asalinta makarantar horar da limaman Furotesta ce, amma a nan Ingrid Mattson ta kafa shirin horar da Musulmi aikin caflin, na farko da aka amince da shi a Amurka, kuma da yawa daga limaman manyan jami'o'in ƙasar nan suka fito. Abin da ake koyarwa ya bambanta da karatun zaure. Ana son mutum ya san Alƙur'ani da fiƙihu, amma ana ƙara masa abin da ya fi wuya, wato ya iya yin shiru ya saurara. Akwai horon asibiti da ake ƙirgawa kashi-kashi, kowane kashi awa 400: awa 300 a gefen gadon marasa lafiya, awa 100 a aji da mai duba aiki. Mai neman cikakkiyar shaidar ƙwarewa kan yi kashi 4. Babban darasin shi ne ɗalibi ya rubuto hirar da ya yi da mara lafiya kalma da kalma, ya karanta a gaban 'yan ajinsa, cikinsu har da fasto da malamar Yahudawa, su nuna masa inda ya katse mutum, inda ya yi saurin kawo aya domin shi kansa ya kasa jure hawayen da ke gabansa. Wanda bai taɓa shiga wannan ba yakan ɗauka duk tambayar da ɗalibi ya kawo fatawa yake nema. Yarinyar da ta tambaya ko Allah na yafe wa wanda ya kashe kansa, mai yiwuwa ba hukunci take nema ba. Limamin da ya ƙware zai tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, idan ta amsa ya tashi ya raka ta da ƙafarsa wurin likitocin jami'a.

Wannan ya kai mu ga riƙon sirri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma a Amurka doka ce ke faɗin iyakar abin da cikin zai riƙe. Dokar Title IX ta 1972 da dokar Clery ta 1990 sun sa ma'aikatan jami'a da yawa kai rahoton cin zarafi da laifuka idan ɗalibi ya gaya musu. Malamin addini da ke aiki a matsayin mai ba da shawara yana cikin 'yan kaɗan da aka keɓe, shi da likita da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ɗalibai ke zuwa wurinsa, har waɗanda ba su yarda da kowane addini ba. Inda ake faɗawa rami shi ne mutum mai hula biyu: limamin da kuma yake koyar da darasi ko yake kula da gidan kwana. Abin da aka gaya masa a ofis ɗin limanci sirri ne, wanda aka gaya masa bayan darasi yana iya zama dole ya kai. Don haka ƙa'ida ita ce ya faɗi iyakar tun kafin ɗalibi ya buɗe baki: da wace hula yake zaune, kuma idan akwai haɗari ga rai ko cin zarafin ƙaramin yaro ba zai iya yin shiru ba. Wanda ya yi alƙawarin rufe komai sannan ya fasa, ba nasa ofis kaɗai ya rushe ba, har na abokan aikinsa.

Wa ke biyan albashi? Jami'o'i masu zaman kansu irin su Georgetown da Yale da Princeton na biya da kansu. Jami'ar gwamnati kuwa kundin tsarin mulki ya ɗaure mata hannu wajen ɗaukar nauyin ibada, don haka coci ko masallaci ko tsofaffin ɗalibai ne ke tara kuɗin, jami'a ta ba mutum katin shiga da izinin kama ɗaki. Amma ba ta da ikon hana ƙungiyar addini ɗakin da ta ba sauran ƙungiyoyi. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke haka a 1981 a shari'ar Widmar da Vincent. Malamai irin waɗannan na waje kan sa hannu a yarjejeniya: ba bin ƙofofin ɗakunan kwana, ba gayyatar ɗalibi walima a ɓoye masa cewa wa'azi ne, ba matsa wa wanda ya ce a'a. Na yarda da wannan yarjejeniya ɗari bisa ɗari. Musulmi da Kirista duka suna da kira a addininsu, kuma babu mai cewa su daina, amma yaro ɗan shekara 18 da ya baro gida mako biyu da suka wuce ba abin farauta ba ne.

A kan hanyar Boston na tsaya a wata ƙaramar jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Suna da ɗaki guda na kowa da kowa, kuma a ciki na ga kusan duk kurakuran da ake yi. Kafet ɗaya ne, wasu na shiga da takalmi, wasu na sa goshi a kai. Kujeru masu nauyi ne, mutum ɗaya ba ya iya ture su. Babu kabad, don haka darduma da gicciye da littattafan waƙoƙi da gunkin Hindu duk suna kan tebur guda. An kama ɗakin daga ƙarfe 12 zuwa 2 domin ajin motsa jiki da zuzzurfan tunani, daidai lokacin azahar, sai na tarar da ɗalibai biyu suna salla a ƙarƙashin matakala. Da suka idar ɗayansu ya ce mini, "Malam, mun rubuta musu sau biyu, sun ce ɗakin na kowa ne." Gyaran bai kai a kira kwamiti ba. Kowace ƙungiya ta samu kabad mai makulli, a mayar da kaya bayan an gama. A bar minti 15 tsakanin ƙungiya da ƙungiya. A raba daɓe gida biyu, ɓangaren kafet ba takalmi, da marataya a bakin ƙofa. Hotuna da gumaka su zauna bayan labule ko ƙofa mai zamewa, a buɗe lokacin masu su. Lokutan salla kuma kada a bari kowa ya kama ɗakin gaba ɗaya, domin salla ba taro ba ce da ake ɗagawa, minti 10 ce sau da yawa a yini. A ajiye labule mai taya domin matan da ke son sitira, ba tare da an tilasta wa waɗanda ba sa so ba, da ɗan kwando na turba, wato busasshiyar ƙasar da ake ɗora goshi a kai, domin ɗaliban Shi'a. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan teburin nan ne guda.

Wuta ma matsala ce da ba a zato. Yahudawa na kunna kyandir minti 18 kafin faɗuwar rana ranar Juma'a, Hindu na kewaya fitila, Kiristocin Otodoks da Katolika na ƙona turare, gidajen kwana kuwa sun hana duk wani harshen wuta. Idan ba a tanadi wuri ba, wani zai kunna a ɓoye, ƙararrawar gobara ta tashi, a fitar da mutum ɗari cikin dusar ƙanƙara. Mafita ita ce a keɓe ɗaki, da faranti na ƙarfe mai yashi, da tukunyar kashe gobara, da mutum da zai zauna har wutar ta mutu, a kuma nemi jami'in kashe gobara ya amince a sa na'urar da ke jin zafi maimakon mai jin hayaƙi. Bayahude mai kiyaye Asabar ba ya taɓa lantarki daga yammacin Juma'a zuwa bayan faɗuwar rana ranar Asabar, don haka katin buɗe ƙofa ba ya yi masa amfani, makullin ƙarfe yake buƙata da ɗaki a hawan ƙasa. Madafarsa ta raba kayan nama da na madara, kuma cokali ɗaya da aka gauraya ya isa ya ɓata ta. A ɓangaren halal kuwa, nama mai shaida da aka soya a kaskon naman alade ya tashi daga halal, don haka horar da masu girki ya fi sayen naman muhimmanci.

A MIT, jami'ar kimiyya da fasaha da ke bakin kogin Charles daura da Boston, na shiga ɗakin ibadar da Eero Saarinen ya zana, aka buɗe a 1955. Kewayayyen gini ne na jan bulo, babu taga ko ɗaya, ruwa ya zagaye shi. Haske na saukowa daga rufi a kan wani farin dutse, yana bin wasu ƙananan ƙarafa da Harry Bertoia ya rataye kamar ruwan sama. Babu alamar kowane addini a bango. Wuri ne mai sanya natsuwa, kuma na zauna fiye da yadda na yi niyya. Sai dai ibadar yau da kullum ta Musulmi da Yahudawa ba a nan take ba, tana ginin da ke gefensa, inda akwai ɗakin salla da madafa da ofisoshi. Hakan ya ƙara mini tabbacin abin da na daɗe ina gani: ɗakin da aka share masa kowace alama yana da kyau ga taron makoki da mai neman shiru, amma mai salla biyar a yini yana son wurin da zai bar dardumarsa.

Dokar jihar Massachusetts ta ba ɗalibin da addininsa ya hana shi zuwa darasi ko jarrabawa a wata rana damar ramawa ba tare da an rage masa maki ba. Doka ba ta isa ba sai da kalanda. Ofis mai aiki yakan aika wa malamai jerin ranakun ibada kafin su rubuta jadawalin zango, ba bayan an fara ba. A rubuta cewa ranakun Yahudawa na farawa da faɗuwar ranar jajibere, azumin Yom Kippur kusan awa 25 ne. Sallar Idi a sa mata kwana biyu saboda ganin wata. Ista ta 'yan Otodoks sau da yawa ba ta haɗuwa da ta Katolika. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, don haka azumi na zagayawa, wata shekara ya faɗa jarrabawa. Idan ya faɗa Yuni, mai azumi a Boston zai yi kusan awa 17, kuma ɗakin cin abinci ya rufe kafin magariba, sai an shirya masa buɗa-baki da sahur na ɗauka.

Saura maganar addu'ar haɗaka, wadda ita ce ta fi raba kan malaman. Idan ɗalibi ya rasu ko wata masifa ta auku, jami'a kan so a taru. Wasu kan haɗa addu'a guda da aka cire mata sunan Annabi da sunan Almasihu domin kada kowa ya ji haushi, sai ta zama ba ta kowa ba. Na fi yarda da tsarin da Paparoma John Paul na biyu ya bi a taron addinai na garin Assisi a Italiya ranar 27 ga Oktoba 1986, inda aka ce an taru ne domin a yi addu'a, ba wai a yi addu'a guda ba. Kowa ya tashi ya yi tasa da harshenta da lafazinta, sauran su yi shiru cikin ladabi, ba a tilasta wa kowa cewa amin. A ba kowa minti daidai, a gaya wa jama'a tun farko abin da za a yi. Kuma abin da ya shafi alamar wani addini a yi shi da shawara mai faɗi. A Janairun 2015 Jami'ar Duke ta sanar cewa za a yi kiran sallar Juma'a daga hasumiyar majami'arta, cikin kwana biyu ta janye saboda matsin lamba da barazana, aka yi kiran daga filin gaban majami'ar. Ɗaliban Musulmi sun yi shekaru suna Juma'a a ƙasan wannan gini lafiya lau, kuma su ne suka kwana da tsoro a makon.

Ranar ƙarshe na hau jirgin ƙasa na layin Fitchburg daga tashar North ta Boston zuwa Waltham, inda Jami'ar Brandeis take, wadda Yahudawan Amurka suka kafa a 1948. Su ba su bi hanyar MIT ba. A shekarar 1955 ɗin dai suka gina ɗakunan ibada uku a bakin wani ɗan tafki, Berlin na Yahudawa, Bethlehem na Katolika, Harlan na Furotesta, zanen Max Abramovitz, an jera su yadda inuwar wani ba ta faɗa kan wani. Na zagaya su da yamma ina duba inuwar a kan ciyawa. Uku ne domin a 1955 addinan da ake lissafawa a Amurka uku ne. Ɗakin sallar Musulmi da na Hindu daga baya aka samar, a wani gini dabam, ba a bakin tafkin ba. Ƙarfe 4 da rabi rana ta faɗi, na nemi ɗakin na yi magariba bayan wani ɗalibi da ya ajiye jakar littattafansa a bakin ƙofa, sannan na gangara tasha domin jirgin komawa Boston.